Darasi: Farar Dabba da Zabiyar Dabba

A Limawa da sauran unguwannin Dutse, da wuya mutum ya shiga gida uku a jere bai tarar da farar dabba ba. Ga ragon da aka turke don layya, ga tantabaru a kan katanga, ga zomaye a keji, ga kajin gidan gona da matan aure ke kiwo a lungun tsakar gida. A bayan gari kuma shanun Fulani ne farare tas, belbela na biye da su. Duk waɗannan ido ya saba da su, ba mai tambayar dalili. Amma ranar da jar akuya ta haifi ɗa fari fat mai jan ido, sai magana ta tashi. Wannan ya ce alama ce, wancan ya ce aikin iska ne, wata tsohuwa ta ce a yi maza a yanka shi a bayar sadaka.

Darasinmu na yau a kan wannan ne. Za mu ga inda launi yake fitowa a jikin dabba, da hanyoyin da yake ɓacewa ta gado, da yadda mai kiwo zai duba ido da hanci da fata ya san irin farin da ke gabansa. Sanin yana da amfani ga aljihu, domin wata farar dabbar ta fi kowace jure rana, wata kuwa rana ce babbar abokiyar gabarta.

Inda launi yake fitowa

Launin gashi da fata da ido, a jikin saniya ko kaza ko mutum, kusan duk daga sinadari guda yake, wanda masana ke kira melanin. Iri biyu ne. Akwai mai ba da baƙi da ruwan ƙasa mai duhu, akwai mai ba da ja da ruwan ɗorawa. Doki akawal na farkon ne ya cika masa gashi. Jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi da shanun Rahaji kuwa, na biyun ne ya rinjaya a jikinsu.

Jiki da kansa yake haɗa melanin. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, ba a ganinsu sai da madubin likita, da ke zaune a cikin fata da gindin kowane gashi da cikin ido, kuma aikinsu ke nan. Suna ɗaukar wani abu da jiki ke samu daga abinci mai gina jiki, su sarrafa shi da wani sinadari mai suna tairosinas, sai ya zama launi, su ɗura shi a gashin da ke tsirowa.

Wanda ya taɓa tsayawa a karofi, irin na Ƙofar Mata a Kano, zai gane abin da sauƙi. Kafin zane ya rinu sai da marina, sai da baba, sai kuma da toka, domin baba shi kaɗai ba ya kama zane. Ƙwayoyin nan su ne marina, abin da ke zuwa daga abinci shi ne baba, tairosinas shi ne toka. Zane yana iya zama fari saboda babu toka ko da marina na zaune. Yana iya zama fari saboda marina ba su zo ba. Yana kuma iya faruwa marina su yi aiki na wani lokaci sannan su ƙare. Waɗannan su ne manyan hanyoyi uku na farin gado, kuma kowace da alamarta.

Zabiya ta gaskiya

Zabiyar dabba ita ce wadda marinanta suna nan daram, amma toka ce babu. Ba launi a gashi, ba a fata, ba a ido. Hancinta da leɓenta da fatar idonta jajaye-jajaye ne, kofato ko farce fari, ido kuma ja ko ruwan hoda. Jan nan jini ne. Idon kowace dabba cike yake da ƙananan jijiyoyin jini, launi ne ke rufe su, da ya kau sai su bayyana.

Ba sai an je nesa neman misali ba. Farin zomon nan mai jan ido da yara ke kiwo a gidaje zabiya ne cikakke. Yawancinsu jinin wani iri ne da ake kira farin Niyuzilan, kodayake a Amurka aka samar da shi. Haka fararen ɓerayen da ɗaliban kimiyya a jami'o'i, irin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ke gwada magunguna a kansu. Su ne zakaran gwajin dafi na duniyar likitanci, kuma ɗaya daga cikin irin da suka fi yaɗuwa, Wistar, an fara kiwonsa ne a Amurka tun 1906. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ma sukan ga 'yan farare masu jan ido a cikin dubban baƙaƙe.

Ku ɗauki farin zomo ku fito da shi tsakar gida da hantsi, ku duba. Zai ƙyafta ido, ya runtse, ya nemi inuwa. Wani za ku ga yana kaɗa kai a hankali hagu da dama kafin ya matsa. Ƙoƙarin gani yake yi. Melanin yana tare hasken da ya wuce kima a cikin ido, kuma tun dabba na ciki ana buƙatarsa wajen ginin bayan ido da jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa. Saboda haka zabiya ba ta gani sosai tun daga haihuwa, kuma babu maganin da ke gyara wannan.

Akwai wani zomon da ya cancanci a tsaya a kansa: jiki fari, ido ja, amma kunne da hanci da ƙafafu da wutsiya baƙaƙe. Tairosinas ɗinsa yana nan, sai dai ba ya aiki a wuri mai ɗumi. Tsakiyar jiki da zafi, sai gashi ya fito fari. Kunne da hanci sun fi sanyi, sai launi ya kama. Wanda ke da irin wannan zomo ya lura da shi daga hunturu zuwa bazara. Gashin da ya tsiro cikin sanyi ya fi duhu, wanda ya tsiro cikin zafin watan Afrilu yakan kwashe ya dusashe.

Lissafin gado

Tambayar da ta fi damun mutane ita ce: yaya uwa ja da uba ja za su haifi fari? Har akan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. To ta yi. Daga iyayen nan biyu farin ya fito.

Kowane hali na jiki yana da ƙwayar gadonsa, kuma kowace dabba guda biyu take ɗauke da su, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ƙwayar da ke sa a yi tairosinas tana iya zuwa lafiyayya, tana iya zuwa da naƙasa. Lafiyayya guda ɗaya ta isa ta ba dabba launinta cikakke. Don haka akuyar da ke da lafiyayya ɗaya da mai naƙasa ɗaya ja ce wur, ba abin da zai nuna maka tana ɗauke da wani abu. Sai ranar da ta haɗu da bunsuru mai irin wannan ɓoyayyen gado, ɗan ya ɗauko mai naƙasa daga nan, ya ɗauko mai naƙasa daga can, sannan zabiya ta fito. Wanda ya san bayanin AA da AS da SS na cutar sikila ya riga ya san wannan lissafi, hanyarsu ɗaya ce.

Mu gwada a aji. A samo jaka biyu, ɗaya uwa, ɗaya uba. A zuba jan wake 10 da farin wake 10 a kowace. Jan wake shi ne ƙwaya lafiyayya, fari shi ne mai naƙasa. Mutum ɗaya ya sa hannu ba tare da ya leƙa ba, ya ɗauko ɗaya daga kowace jaka. Wannan haihuwa ɗaya ke nan. A rubuta abin da ya fito a allo, a mayar da waken, a girgiza, a sake. A yi haka sau 40. Za ku ga fari da fari sun haɗu kusan sau 10, ja da ja kusan sau 10, gauraye kusan sau 20. Fari da fari kaɗai ne zabiya. Gauraye ja ne a ido, amma yana ɗauke da gadon zuwa gaba.

Ku lura da abu ɗaya a allon. Ɗaya cikin huɗu ba ya nufin kowace haihuwa ta huɗu. Fari da fari na iya fitowa sau biyu a jere, yana iya yin sau goma bai fito ba. Sai an tara da yawa lissafin ke daidaita.

Wani malamin coci mai suna Gregor Mendel ne ya fara gano wannan ƙa'ida a jikin wata irin waken Turai, ya buga sakamakonsa a 1866, aka yi shekaru fiye da 30 ba wanda ya kula. A 1902 wani masani a Faransa, Lucien Cuénot, ya gwada ta a kan ɓeraye. Ya haɗa masu launin toka da zabiyoyi, 'ya'yan farko duka suka fito masu launin toka. Da ya haɗa 'ya'yan da junansu, sai jikokin suka fito 198 masu launi, 72 zabiyoyi. Ku raba 72 da 270 ku gani, ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu kaɗan.

Mai kiwon zomo yana iya maimaita wannan a gida, tunda zomanya wata guda take ɗaukar ciki kuma takan haifi shida zuwa takwas. Zabiya da zabiya ba sa haifar komai sai zabiya. Zabiya da baƙin da ba ya ɗauke da gadon kuwa, 'ya'yan duka masu launi ne, wani lokaci ma launin da ba na uban ba, domin farar uwar tana ɗauke da gadon wani launi da bai sami hanyar fitowa a jikinta ba.

Daga nan za a gane abin da ya sa irin wannan haihuwa ta fi yawa a garken da jini ɗaya ke ta zagayawa. A 1966 an kama wani ɗan gwaggon biri fari a ƙasar da yau ake kira Ikwatoriyal Gini, aka kai shi gidan namun daji na Basalona a Sifen, aka sa masa suna Copito de Nieve. Shi kaɗai ne zabiyar gwaggon biri da aka taɓa sani. Ya haifi 'ya'ya fiye da 20, babu fari ko ɗaya, saboda matan ba sa ɗauke da gadon. Ciwon dajin fata ya kama shi, ya mutu a 2003. Da aka binciki jininsa a 2013, sai aka ga iyayensa 'yan'uwa ne na kusa. Darasin ga mai kiwo a fili yake. Bunsuru ɗaya ko zomo namiji ɗaya da ya shekara uku yana barbarar 'ya'yansa da jikokinsa, duk wani ɓoyayyen aibi da ke jininsa sai ya fito, kuma fari shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Akwai ragwantaka, akwai yawan mutuwar 'ya'ya, akwai raguwar haihuwa. A riƙa sauya namiji, a yi musanya da wani gida mai nisa ko a sayo daga kasuwar Shuwarin.

Fari mai baƙin ido

Hanya ta biyu ita ce wadda marina ba su iso ba. Ƙwayoyin launi ba a fata ake fara halittarsu ba. Tun ɗan tayi yana ƙanƙane suke tasowa daga layin gadon baya, su bazu, su gangara zuwa sauran jiki. Idan wata ƙwayar gado ta rage musu yawa ko ta jinkirta tafiyarsu, inda ba su kai ba sai ya fito fari, fatar wurin kuma ja-ja. Wurare masu nisa da gadon baya su ne na ƙarshen samu. Shi ya sa za ku ga doki mai farin goshi da fararen ƙafafu, kare mai farin ƙirji da farin bakin wutsiya, akuya mai farin ciki. Dabba mai roɗi-roɗi daga nan take. Idan rashin ya game jiki, sai ta fito fara gaba ɗaya, amma idonta baƙi ko shuɗi, domin launin bayan ido daga wani tushe dabam yake.

Yawancin fararen tantabarunmu masu baƙin ido ne, kuma ganinsu garau. Masu kiwon zabi suna da sunayen launuka, sake da hurudu da angulu da fari. Farin zabo ma idonsa mai duhu ne, kuma idan aka haɗa shi da sake, 'ya'yan sukan fito da zanen sake a baya da farin ƙirji. Kajin gidan gona kuwa da gangan aka zaɓo fararen, saboda bayan figewa ragowar baƙin gashi yana ɓata fatar kaza a idon mai saye. Rawayar ƙafarsu daga abinci take, jan tukkunsu kuma jini ne, ba ruwansu da melanin.

Wannan irin fari yana da nasa aibin da ba a zato. Ƙwayoyin launi suna da aiki a can cikin kunne, kuma idan babu su, sashen da ke jin sauti yakan lalace cikin makonnin farko bayan haihuwa. Tun da daɗewa wani masani, Charles Darwin, ya rubuta cewa fararen kyanwoyi masu shuɗin ido sukan zama kurame. Likitocin dabbobi sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 65 zuwa 85 cikin 100 na farar kyanwa mai shuɗin ido biyu kurma ce. Gwajin ba wuya: a tsaya a bayanta inda ba ta gani, a kaɗa makullai, a duba ko kunne zai motsa. Kyanwar da ake zagi da taurin kai wataƙila ba ta ji ne kawai. Farin zomo mai jan ido kuwa yana ji sarai, domin ƙwayoyinsa suna nan a kunne, launi ne kawai ba sa yi.

Bunaji da kili

Yanzu mu zo kan shanun da muka fi sani. Bunaji, farar saniyar Fulani, ta haura kashi ɗaya cikin uku na shanun Nijeriya. Ku matsa kusa da ita a kara, ku buɗa gashin wuyanta da yatsa. Fatar baƙa ce. Hanci baƙi, gefen ido baƙi kamar an sa mata kwalli, cikin kunne baƙi, kofato baƙi, bakin wutsiya baƙi. Farin a gashi kawai ya tsaya. Ga ƙasa irin tamu babu haɗin da ya fi wannan: farin gashi yana mayar da zafin rana, baƙar fata tana tare hasken da ke ƙona nama. Makiyayan da suka yi ta zaɓen wannan kama shekaru aru-aru sun san abin da suke yi. Tumakin 'Yankasa ma farare ne masu baƙi a gefen ido da kunne da baki, wato daidai wuraren da gashi ba shi da kauri.

A kwatanta da shanun madara na Turai masu baƙi da fari, waɗanda ake haɗawa da Bunaji a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, kuma masu kuɗi ke saya su kawo gonakinsu. A ƙarƙashin farin tabonsu fatar ja-ja ce, rana na iya ƙona ta har ta saɓule. A Amurka da Ostireliya shanu masu farar fuska da farar fatar ido sun fi sauran kamuwa da ciwon dajin ido. Duk wanda zai sayi saniyar madara a Jigawa, kafin ya tambayi yawan litar da take bayarwa, ya duba gefen idonta da hancinta da hantsarta. Idan ba launi a wurin, ya shirya rumfa.

Hanya ta uku a wajen dawaki aka fi ganinta. A hawan Sallah na Dutse ido yakan tafi kan kili, farin dokin da sarakuna da hakimai ke so. Ku tambayi mai kula da barga ko wani tsohon mai doki yadda aka haifi kili. Yawancinsu baƙaƙe ko jajaye ake haifarsu. Furfura takan fara a gefen ido da baki tun suna 'yan duƙushi, ta yi ta ci, doki ya bi ta launin toka mai zane-zane, kafin shekara shida zuwa takwas ya zama fari. Fatarsa baƙa tana nan, idonsa ma. Marinan gashi ne suka yi aiki fiye da kima suka ƙare da wuri. A 2008 masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka gano ƙwayar gadon da ke jawo wannan. Ita ba ta ɓuya: guda ɗaya ta isa, saboda haka irin wannan doki dole uwarsa ko ubansa ya kasance mai furfura.

Wannan gado yana tafe da wani abu. Kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na irin waɗannan dawaki, idan sun haura shekara 15, suna fitar da wasu baƙaƙen ƙulluttai a ƙarƙashin wutsiya, da gefen dubura, da leɓe. Da yawa sukan yi shekaru ba su dami dokin ba, wasu kuwa sukan girma su bazu cikin jiki. Mai kili ya riƙa ɗaga wutsiya yana dubawa lokacin wanka, in ya ga ƙulli ya kira likitan dabbobi tun yana ƙarami. Kada a sa wuƙa ko a yi lalas.

Farin da ba na gado ba

Akwai fari da ke zuwa daga baya. Inda sirdi ya ci bayan doki ko igiya ta ci wuyan jaki, gashin da ya sake tsirowa yakan fito fari. Tsufa yana kawo furfura a bakin kare da fuskar doki. Ƙarancin sinadarin tagulla a abinci yana sa baƙar saniya ta koma ja-ja mai ƙura, gefen idonta ya yi fari-fari, domin tairosinas ba ya aiki sai da tagulla. Wannan na ƙarshe ana gyara shi da gishirin lasa mai sinadarai, bisa shawarar likita, musamman ga tumaki da yawan tagulla ke kashewa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ake gadarwa.

A daji da kasuwa

Me ya sa ba mu cika ganin zabiyar kurege ko ta hasbiya ba? Ana haifarsu, daɗewa ce ba sa yi. Farin ƙadangare a kan duwatsun Dutse, shaho zai hango shi tun daga sama, shi kuwa ba ya gani sosai balle ya tsere. Gashin tsuntsu marar melanin ma ya fi saurin cinyewa. Belbela da farin ƙirjin hankaka ba sa cikin wannan lissafi, haka jinsinsu yake.

Babban haɗarin farar dabbar daji shi ne mutum. A 2017 aka ɗauki hoton farar raƙumar dawa da ɗanta a yankin Garissa na Kenya, farare masu baƙin ido, duniya ta yi ta kallo. A watan Maris na 2020 aka tsinci gawar uwar da wani ɗan nata, mafarauta sun kashe su.

A nan gida abin bai kai haka ba, amma kowa ya san yadda farashin farin zakara ko farin rago marar tabo ke tashi idan boka ya ce sai shi. Farin zakara zakara ne mai wata ƙwayar gado, kuma yanzu kun san yadda take aiki. Kuɗin da aka ƙara a kansa asara ce. Naman zabiyar dabba da nononta daidai suke da na sauran. Aibobin da malamai suka lissafa masu hana layya su ne irin su makantar ido bayyananniya da gurgunta da ciwo da rama mai tsanani, launi ba ya ciki. Alƙur'ani mai girma, a Suratu Faɗir aya ta 28, ya ambaci bambancin launukan mutane da dabbobi a cikin ayoyin Allah.

Idan aka haifar muku zabiyar akuya ko tunkiya, abin da take buƙata kaɗan ne. A yi mata rumfa, a fitar da ita kiwo da sassafe da la'asar, a bar ta kusa da gida tunda ganinta gajere ne. A riƙa duba fatar ido da bakin kunne da hantsa. Gyambon da ya yi makonni bai warke ba na likita ne.

Mu ma haka

Abin da muka faɗa a kan zomo haka yake a jikin ɗan Adam. Yaro zabiya daga uwa da uba duka ya gado, ko da a dangi ba a tuna wani mai irin wannan ba. Ba laifin uwa ba ne, ba a ɗauka ta taɓawa ko cin abinci tare, kuma ba ya taɓa hankali. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin 5,000 zuwa 15,000. Abin da ke kashe su da wuri ciwon dajin fata ne da rana ke jawowa. Yaron yana buƙatar malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kare fata, da kujerar gaba a aji. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni ta kowace shekara don wayar da kai a kan wannan.

Tambayoyi

1. Waɗanne wurare uku za ka duba a jikin farar dabba don ka san ko zabiya ce?
2. Jar akuya da jan bunsuru sun haifi zabiya. Wane ne a cikinsu yake ɗauke da gadon?
3. Zomanya zabiya ta haifi 'ya'ya bakwai duka masu launi. Me wannan ya nuna game da uban? Idan aka haɗa 'ya'yan da junansu, me za a iya samu?
4. Me ya sa Bunaji ke yini a rana lafiya, amma saniyar madara mai farin tabo take buƙatar rumfa?

Aikin mako

Kowa ya nemi fararen dabbobi biyar a gidansa ko a unguwa, iri dabam-dabam in da hali. A ja layi huɗu a littafi, a rubuta sunan dabbar, launin idonta, launin hancinta ko bakinta, da launin fatar da ke ƙarƙashin gashi. Wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna ya sa ɗansa ko abokin zamansa a aji ya taimaka, amma duban ya yi da kansa. Doki da sa kada a matsa musu sai mai su yana wurin. Ku zo da littattafan a darasi na gaba, mu haɗa su a allo mu ƙirga zabiyoyi nawa ne a cikinsu.